Mara Lafiya Da Harshensa: Darasi Daga Lardin Kwibek Na Ƙasar Kanada

Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya na shekara, a Sabo, Ibadan



Mai girma Sarkin Hausawa, shugaban taro, malamanmu, dattawa, iyayenmu mata, samari da 'yan'uwa baki ɗaya, ina yi muku barka da zuwa. Kwamitin shirya taro ya ce in yi magana a kan lafiyar jama'a, na kuma san wasu na jira su ji na fara da sauro da ruwan sha. To, yau ba can na nufa ba. Zan kai ku wata ƙasa mai nisa, in ba ku labarin wasu Turawa waɗanda harshensu ya zame musu matsala a ƙofar asibiti, da yadda suka yi da ita. In kun ji, ku da kanku za ku gane abin da ya sa na zaɓi labarinsu.

A ƙasar Kanada Ingilishi ne ya fi yawa, amma akwai lardi guda, Kwibek, inda Faransanci ke mulki. A ƙidayar 2021 mutanen lardin sun kai miliyan 8.5, masu jin Ingilishi a cikinsu kuwa kimanin miliyan 1.25 ne, wato kusan 15 cikin 100. Ku duba fa, jama'a. Harshen da mu a nan muke ɗauka shi ne na gwamnati, na likita, na takarda, a can shi ne harshen 'yan tsiraru. Kuma ba baƙin jiya ba ne. Kakannin wasunsu sun zauna wurin fiye da shekara 200, kamar yadda mu ma da yawanmu a nan aka haife mu, a unguwar da aka kafa tun 1916.

A da, su suka gina wa kansu komai. Babban asibitin birnin Montreal tun 1821 yake. 'Yan asalin ƙasar Ayalan da ke birnin Kwibek sun buɗe gidan kula da tsofaffi da marayu na Saint Brigid a 1856, aka kuma gina asibitin Jeffery Hale da dukiyar da wani mai taimakon jama'a ya bari wasiyya. Daga baya gwamnatin lardi ta karɓi ragamar kiwon lafiya. A 1977 kuma, zamanin Firimiya René Lévesque, aka kafa dokar nan mai lamba 101, wadda ta sa Faransanci ya zama harshen aiki da kasuwanci da hulɗa da hukuma. Ni dai ban ga laifinsu ba, domin su ma Ingilishi ya kewaye su ta ko'ina a nahiyar, suna tsoron kada harshensu ya nutse. Sai dai abin ya jawo ƙaura. Dubban masu jin Ingilishi suka tattara suka koma wasu larduna, har babban kamfanin inshora na Sun Life ya ba da sanarwar mai da hedkwatarsa Toronto a 1978.

To, in aka yi ƙaura, wa ke tafiya, wa ke zama? Matasa masu takarda su ke tafiya. Tsoho da tsohuwa su ke zama. A Montreal, inda mafi yawansu suke, da sauƙi, don asibitocinsu na nan. Amma akwai ƙauyukan masunta a gaɓar teku ta arewa maso gabas waɗanda har hanyar mota ba ta haɗa wasunsu da sauran lardin ba, sai jirgin ruwa ko na sama. Mutum ya kwanta ciwo a can, a ɗauke shi zuwa birni mai nisan ɗaruruwan kilomita, ya farka a kan gado, ba ɗa ba jika, kowa kuma na yi masa Faransanci.

Wani zai ce, to su koyi harshen mana. Ai sun koya, galibinsu suna ji. Amma harshen ciniki daban, harshen ciwo daban. Kai da ke sayar da goro da Yarbanci tun kana yaro, in ciki ya murɗa maka da tsakar dare, da wane harshe kake kiran uwarka? Likita kuwa da bayaninka yake fara aiki: suka ne, ko zugi, ko murɗa, tun yaushe, me ka sha. In bayanin ya karkace, magani ya karkace. Mai ciwon damuwa ba shi da abin da zai nuna wa likita in ban da magana. Tsohon da mantuwar tsufa ta kama kuwa, sau da yawa harshen da ya koya da girma shi ke fara kuɓuce masa, ya koma wa na ƙuruciya.

Saboda haka suka yi ta fama, har a 1986 gwamnatin Robert Bourassa ta gyara doka, ta ce mai jin Ingilishi yana da haƙƙin a duba shi da harshensa. Amma an sa sharaɗi: gwargwadon ma'aikata da kuɗin da asibitin ke da su, da kuma shirin da kowane yanki ya tsara. A 1996 Firimiya Lucien Bouchard, wanda shi kansa jagoran masu neman lardin ya ɓalle ne, ya tsaya gabansu a Montreal ya ce wanda ya zo asibiti cikin ciwo yana iya bukatar gwajin jini, amma ba ya bukatar gwajin harshe.

Magana ta yi daɗi. Sai dai, jama'a, doka tana cikin littafi, mara lafiya yana kan benci. In babu wanda ke jin harshenka a ɗakin a daren nan, haƙƙinka bai tsinana maka komai ba. Wannan shi ne abin da suka gane, shi ne kuma abin da na zo faɗi. A shekarar 2000 suka kafa wata haɗaɗɗiyar ƙungiya, CHSSN, mai ofis a birnin Kwibek, wadda ta haɗa ƙananan ƙungiyoyinsu na yankuna, gwamnatin tarayyar Kanada kuma tana tallafa mata da kuɗi. Ba sabon asibiti suka gina ba. Ga abin da suka yi.

Na farko, suka ƙidaya kansu. Suka ɗauki alƙaluman ƙidaya yanki yanki: tsofaffi nawa ke zaune su kaɗai, nawa ne ba su da aiki, nawa ne talakawa. Mutane na ɗauka duk mai jin Ingilishi a Kwibek mai kuɗi ne, alhali alƙaluma sun nuna rashin aiki ya fi yawa a cikinsu fiye da cikin masu jin Faransanci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya nuna wa magini wurin.

Na biyu, a kowane yanki suka ajiye mutum wanda aikinsa shi ne zama da shugabannin asibiti. Ba faɗa yake zuwa yi ba. Yana zuwa ne ya ce ga mutanenmu, ga bukatarsu, ga abin da za mu iya ɗauke muku.

Na uku, Jami'ar McGill ta shirya koya wa ma'aikatan jinya masu jin Faransanci Ingilishin ɗakin majinyata, ana kuma ba ɗalibai tallafin karatu da sharaɗin su koma yankunan karkara su yi aiki.

Na huɗu, suka kula da abin da ba na allura ba: wuraren haɗuwar tsofaffi don hira da motsa jiki, da ɗan rakiya a birnin Kwibek mai tarbar majinyacin da ya zo daga nesa, ya kai shi wurin likita, ya taimaka masa da masauki.

Ba su kuma yi barci ba. Bayan an ƙara tsaurara dokar harshe a 2022, ma'aikatar lafiya ta fitar da wani umarni a 2024 wanda ya tsoratar da mutane cewa za a nemi takardar shaida kafin a yi hulɗa da su da Ingilishi. Ƙungiyoyi suka yi magana, a watan Satumba na shekarar aka sake rubuta umarnin, aka bayyana cewa ba a bukatar wata takarda.

Yanzu mu dawo gida. Na taɓa raka wata dattijuwa wani asibiti a garin nan. Kafin ni, ɗanta ne ya yi mata tafinta har sau biyu. Ciwon na mata ne, ta kasa faɗa a gabansa, sai ta ce ciwon ciki. Wata uku tana shan maganin da ba nata ba. Sai da muka samu wata ma'aikaciya mai jin Hausa, muka fita muka ba su wuri, sannan gaskiya ta fito. Laifin wa? Likita ya yi aiki da abin da ya ji. Yaro ya faɗi abin da aka gaya masa. Mu ne ba mu tanadi mace da za ta tsaya mata ba.

Kuma ku sani mu ma muna da doka. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce, in da hali, ma'aikacin lafiya ya yi wa mara lafiya bayani da harshen da yake fahimta. Kun ji "in da hali"? Irin sharaɗin Kwibek ke nan. Halin nan kuwa mu za mu samar da shi.

Don haka ina roƙon abu uku kafin taro mai zuwa. Masu unguwa su taimaka mu rubuta sunayen tsofaffinmu da ke zaune su kaɗai da masu doguwar jinya. A samo mutum goma, biyar maza biyar mata, masu jin Hausa da Yarbanci da Ingilishi, masu riƙe sirri, waɗanda za a iya bugo musu waya ko da tsakar dare. Sannan shugabanni su kai wa asibitocin da muka fi zuwa ziyara, su bar musu lambobin nan. Daga asusunmu kuma mu ɗauki nauyin ko da yarinya ɗaya ce ta karanci aikin jinya. Kun ga sun zama huɗu, ku yi mini afuwa.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya, ya ba majinyatanmu sauƙi, ya mai da kowa gidansa lafiya.