Rubutaccen Shiri: Wa Ya Kori Pokémon Ɗina Daga OU?

 

Yau rigima ce ta kawo ni. Kun san 'yar gasar da muke yi a tsakaninmu a Pokémon Showdown. To, da na fitar da doka na ce za mu bi jerin OU, sai wani ƙanina a guruf ɗin ya turo min saƙon murya, ransa a ɓace. Ya ce: "Yaya, don Allah wa ya ba waɗannan mutanen ikon hana ni Flutter Mane? Kamfanin da ya yi gem ɗin bai hana ba. In dai haka ne ni na fita." Yaron nan kuwa yana cikin waɗanda suka fi iya wasa a cikinmu, ba na so mu rasa shi. Shi ya sa na ce bari in amsa masa a nan, kowa ya ji, domin na san ba shi kaɗai ke da wannan ƙorafin ba.

Mu fara daga tushe. Pokémon sun haura dubu ɗaya yanzu, kuma kamfanin Game Freak bai taɓa yin su da ƙarfi ɗaya ba. Gasar da kamfani ke shiryawa, wato VGC, biyu da biyu ake fitowa fili, da dokokinta daban. Amma wasan da yawancinmu muke yi, ɗaya da ɗaya, kowa da tawagar shida, masu wasa ne da kansu suka tsara shi. Dandalin Smogon, wanda aka kafa a 2004, shi ya raba Pokémon aji-aji. OU ne babban ajin da aka fi bugawa. Ƙarƙashinsa akwai UU, sai RU, sai NU, sai PU. A samansa kuma akwai Ubers, gidan manyan dodanni irin su Koraidon da Kyogre. Dokar mai sauƙi ce: na ƙasa yana iya hawa sama ya yi wasa, na sama ba ya saukowa.

Masu kallon ƙwallo za su ce, ai wannan Firimiya ce da 'yan dagaji. Akwai kama, amma ku lura da bambanci ɗaya. A ƙwallo maki ke sa ƙungiya ta faɗi. A nan yawan amfani ne. Ana ƙirga wasannin da aka buga a Showdown, ana ba wasan ƙwararru nauyi fiye da na 'yan koyo. Pokémon ɗin da amfaninsa ya kai kashi 4.52 cikin ɗari a OU, ya zama ɗan OU. Wanda bai kai ba, ya gangara UU, a can ma a sake irin wannan lissafin. Kada lambar nan ta ba ku tsoro. Ma'anarta ita ce, in ka buga wasa 15, akwai yiwuwar rabi da rabi ka ci karo da shi aƙalla sau ɗaya. In abubuwa sun lafa, duk bayan wata uku ake wannan sauyin.

Yauwa. To kun ga ajin Pokémon yana nuna yadda ake ɗaukarsa ne a wannan lokacin, ya danganta da su wa ke kewaye da shi. Ga Charizard, kowa na son sa tun muna yara, amma in abokin karawa ya shimfiɗa Stealth Rock, da shigowarsa fili rabin ransa ya tafi, sai dai in ka sa masa takalmin nan Heavy-Duty Boots, ka ga ka ɓata gurbin kayan riƙonsa a kan kariya kawai. Shi ya sa yake can ƙasa. Ga kuma Quagsire, wanda ko kallo bai ishi mutane ba, amma a zamanin Sword da Shield har a Ubers ana ɗaukarsa don ya tare Zacian, saboda baiwarsa ta Unaware ba ta kula da ƙarin ƙarfin da abokin gaba ya tara. Garchomp fa? A zamanin Diamond da Pearl sai da aka kore shi daga OU saboda ya gagari kowa. A Scarlet da Violet kuwa sai da ya gangara ƙasa da OU ɗin. Duniya juyi-juyi.

Wannan hanya ta farko ke nan, lissafi ne ke yin ta, babu hannun kowa. Hanya ta biyu ita ce mai jawo faɗa, wato kora. Kowane aji yana da majalisarsa ta gogaggun 'yan wasa. In abu ya fito fili ƙarara cewa ya fi ƙarfin ajin, majalisa na iya korarsa nan take. In kuma ana jayayya, sai a buɗe gwajin tuhuma. Ka buɗe sabon akawun, ka buga wasanni masu yawa, makinka na GXE ya kai wajen 80, sannan a ba ka ƙuri'a. A OU, sai kashi 60 cikin ɗari sun yarda kafin a kori abu. Kora ba ta tsaya a OU ba. Wanda ya fi ƙarfin UU alhali ba a yawan amfani da shi a OU, sai a ajiye shi a wani jeri da ake kira UUBL. Kai, ko Ubers ɗin ma an taɓa kora daga cikinta. A ƙarshen 2014 Mega Rayquaza ya yi ɓarnar da sai da aka ƙirƙiro sabon fili, Anything Goes, aka tura shi can.

To ƙanina, mu zo kan Flutter Mane ɗinka. Scarlet da Violet sun fito ranar 18 ga Nuwamba 2022, kuma watan bai ƙare ba aka kore ta. Me ya sa? Gudunta 135, ƙarfin harinta na musamman 135, ga ta Ghost ga ta Fairy. Moonblast da Shadow Ball kaɗai, 'yan ƙalilan ne ke iya shanye su biyun. Ni ma'aunin da nake amfani da shi ke nan: in na zauna haɗa tawaga, gurbi nawa cikin shida wannan abu ɗaya ya ƙwace min tun kafin a fara wasa? In dole kowa ya ware gurbi biyu don tsoron Pokémon ɗaya, ko kuma kowa ya ɗauke shi, to wasan ya ƙuntace. Kai kana ganin an hana ka abu ɗaya. Amma barin ta a filin yana hana sauran mutane abubuwa da yawa, domin duk Pokémon ɗin da ba ya iya tsayawa gabanta ya zama ba shi da amfani.

Kada ka ɗauka ban san zafin ba. Ni ma an yi min. A makon farko na Scarlet da Violet, Houndstone na riƙe, karen fatalwar nan. Yana da wani hari, Last Respects, ƙarfinsa 50, amma duk ɗan tawagarka da ya faɗi sai ya ƙaru da 50. In biyar sun faɗi, ya zama 300. Ga baiwar Sand Rush da ke ninka gudunsa in ana guguwar yashi. Sai in saka Tyranitar ya tayar da yashi, in yi ta sadaukar da sauran, a ƙarshe karen ya fito ya share fili. Wallahi na ɗauka na zama gwani. Rana ɗaya na shiga, tawagata ta ƙi karɓuwa, wai an kori Houndstone. Na yi ta masifa. Da na koma wasa ba shi, sai na gane ashe ko sauya Pokémon a kan lokaci ban iya ba. Karen ne ke rufa min asiri.

Amma labarin Houndstone yana da ɗaya ɓangaren, kuma a nan ne nake ba masu ƙorafi gaskiyarsu. Shi karen a karan kansa ba wani abin tsoro ba ne, harin ne matsalar. Ka'idar Smogon ita ce sun fi son korar Pokémon a kan haramta hari, sai in an ga harin yana ɓarna a hannun fiye da ɗaya. Da aka haɗa gem ɗin da Pokémon HOME a tsakiyar 2023, Basculegion ya shigo, shi ma yana da Last Respects. Nan aka haramta harin, aka saki Houndstone. Da sakinsa kuwa ya gangara can ƙasa, babu mai waiwayarsa a OU. Wato ya yi wata shida da ɗoriya a Ubers, tsakiyar dodannin da ba sa'anninsa ba, a kan laifin hari guda. Don haka in ka ce min hukuncinsu ba kullum yake sauka daidai ba, na yarda.

Abin da ya sa aikin ke da wuya shi ne, makami ɗaya gare su. Game Freak na iya rage ƙarfi. Sun yi wa Talonflame a Sun da Moon, baiwarsa ta Gale Wings ta koma ba ta aiki sai ransa na cike. Sun rage harin Zacian mai takobi daga 170 zuwa 150 a Scarlet da Violet. Su kuwa 'yan Smogon ba sa taɓa lambobi, domin suna so wasan ya zauna yadda yake a ainihin gem ɗin. Ko a bari, ko a hana, shi ke nan. Ko tsohuwar dokar barci, wadda ke hana ka sa Pokémon biyu barci lokaci guda, an daɗe ana sukar ta saboda gyara ce da babu ita a gem ɗin. A Janairun 2024 OU ta ajiye ta, ta haramta hare-haren sa barci gaba ɗaya.

Sai maganar wa ya ba su iko. Bari in ba ku labarin ƙuri'ar Tera. Tera ita ce dabarar da ke ba Pokémon damar sauya nau'insa sau ɗaya a wasa, kuma a ƙarshen 2022 aka buɗe gwajin tuhuma a kanta. Ni ina cikin masu son a taƙaita ta. Na buɗe akawun, na fara hawa, abu na tafiya. Dare ɗaya ina tsakiyar wasa aka ɗauke wuta, netwok ya yi ƙasa, agogo ya cinye ni. Na shiga na gaba da zafin rai, na sake faɗi, na sake faɗi. Sai na ce, kai, ƙuri'ata ɗaya me za ta canza, na kwanta. Da sakamako ya fito, masu son a ɗauki mataki sun samu kashi 59 da ɗoriya. Ana neman 60. Ƙuri'u 'yan kaɗan suka rage. Tera ta zauna yadda take. Tun ranar na daina cewa "su" suka yi mana kaza. Ƙofar a buɗe take, ni na juya.

Kuma ƙuri'ar nan ba kullum take kora ba. Kingambit, wanda baiwarsa ke ƙara masa kashi 10 na ƙarfi a kan kowane ɗan tawaga da ya faɗi, an tuhume shi a 2023, masu zaɓe suka ce ya zauna. Har yau akwai masu jin haushin hakan, musamman in ya rage shi kaɗai ya yi ta Sucker Punch har ya juya wasan. Amma mutane sun ga akwai amsa a hannu, irin su Great Tusk, wanda ko babu Kingambit ma yana da aikin yi a tawaga. Bambancinsa da Flutter Mane ke nan.

To ga hukuncina game da gasarmu. Za mu bi jerin OU yadda yake a ranar da muka fara, kuma ko an yi sauyi a tsakiya, ba zai shafe mu ba sai gasa ta gaba, don kada a rushe wa kowa tawaga ana cikin tafiya. Dalilina shi ne, in na buɗe wa Flutter Mane ƙofa yau, gobe wani zai zo da Palafin, jibi wani ya ce Chien-Pao, kuma ba ni da bakin hana su. Mu 'yan kaɗan ne, wasanninmu ba su kai mu gane abin da ya fi ƙarfi da kanmu ba, gara mu jingina da jerin da dubban wasanni suka tace.

Amma ƙanina, ban bar ka hannu rabbana ba. Bayan wannan gasar za mu yi ta Ubers, daren Asabar guda. Ka zo da Flutter Mane ɗinka, ni ma in zo da Koraidon, mu ga wanda zai kwana da haushi. Kafin nan, gwada Iron Valiant ko Dragapult a gurbinta. Za ka sha wuya mako ɗaya ko biyu, kamar yadda na sha bayan Houndstone, daga nan hannunka zai faɗa. Kuma in an buɗe gwajin tuhuma na gaba, ni da kai za mu nemi ƙuri'a tare. Wannan karon zan cika fawa bankina tun da rana.

Ku kuma jama'a, ku faɗa min a ƙasa: wane Pokémon aka taɓa kora ya yi muku ciwo, kuma wane ne kuke ganin ya daɗe da cancantar kora amma har yau yana nan? Zan karanto wasu a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Ku tura wa abokan wasanku, musamman mai yawan ƙorafin nan na guruf ɗinku, kowane guruf yana da nasa.