A Auna Batir Kafin a Biya: Jawabi a Taron Wata na Ƙungiya

  

Abin da ya sa muka nemi a ba mu dama yau shi ne maganar batir. Yanzu da wuya ka shiga shago a garin nan ka rasa farantin sola a kan rufi. Mai cajin waya, mai ruwan sanyi, mai kemis, duk a kan batir suka dogara. To amma a daminar da ta wuce wasu daga cikinmu sun je Potiskum sun sayo baturan kwance da kuɗi masu yawa. An sa mita a gabansu ta nuna 13, aka ce ga shi nan a cike. Ko wata biyu ba a yi ba, kafin sallar isha fitila ta mutu. Ba mu zo kama sunan kowa ba. Mun zo ne mu faɗi abin da muka koya, don kada ramin ya sake cin wani.

Mu 'yan kasuwa ne, mun san mudu, mun san sikeli. Hatsi ana ganinsa da ido, amma wutar da ke cikin batir ba a ganinta. Sai dai a tambaye shi ya amsa, kuma mita ita ce tafinta.

Batir irin na mota da na sola mai ruwa, wani Bafaranshe Gaston Planté ne ya ƙirƙiro shi a 1859. Na bolt 12 yana da ɗakuna 6, kowanne na ba da kimanin bolt 2.1. In ya huta, ba caji ba aiki, lissafinsa kusan haka yake: 12.6 zuwa 12.7 a cike yake, 12.4 saura kashi uku cikin huɗu, 12.2 rabi, 12.0 saura kwata. Ƙasa da haka ya ƙare. In kuwa aka ga kamar 10.5 bayan an yi masa caji, to galibi ɗaki guda ya mutu. Ku duba fa, tsakanin cike da wofi bai kai bolt ɗaya ba.

To ina 13 ɗin nan ta fito? Batir da aka cire daga caji yanzu-yanzu yana riƙe da wuta ta sama-sama, kamar kumfa a bakin ƙwarya. Ko mataccen batir zai iya nuna ta. Saboda haka sharaɗi na farko: a bar shi ya huta wasu awoyi, in da hali ya kwana, sannan a auna.

Sharaɗi na biyu ya fi muhimmanci: a ɗora masa kaya. Rijiya da asuba kowacce tana da ruwa, sai an ja guga ashirin ake gane mai ido. A haɗa ƙwan fitilar mota mai wat 55 a jikin batir, mita na manne, a zuba ido minti goma. Babban batir mai lafiya zai sauka kaɗan ya tsaya. Marar lafiya zai yi ta gangarawa. Dalili kuwa, in batir ya daɗe ba caji, wani gishiri yana daskarewa a kan farantan dalma na ciki, ya toshe wa wuta hanya. 'Yan'uwanmu direbobin tirela sun san wannan: lokacin tayar da inji, batir mai bolt 12 bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba.

Sabbin baturan litiyam na sola kuwa, wannan lissafi bai hau kansu ba. Suna tsayawa wajen 13.2 tun suna kusa da cika har su kusa ƙarewa. Su sai a dubi na'urar da ke jikinsu mai ƙidaya wutar da ta shiga da wadda ta fita, kamar yadda muke rubuta shige da fice a littafin shago.

Abu biyu kuma mu kiyaye. Kada a riƙa sauke batir mai ruwa ƙasa da rabi, yana rage masa kwana. Kada kuma a ajiye shi a ɗakin kwano ba iska, don zafin bazara irin namu yana cin batir da sauri.

Shawararmu ga ƙungiya ita ce a sayi mita ɗaya da ƙwan gwaji, a ajiye wurin ma'aji, duk mai zuwa sayen batir ya ara. Mai sayarwa in ya ƙi a gwada, a yi masa sallama cikin mutunci. Mu ma masu sayarwa a cikinmu, mu tuna abin da muka karanta a makaranta a kan tauye mudu. Sayar da kumfa da sunan cikakken batir duk tafiyar ɗaya ce.

Allah ya sa albarka a kasuwancinmu, ya zaunar da garinmu lafiya.