Ciyawar Teku Ma Ana Ƙirga Ta

Yau shirin namu zai gangara kudu har bakin teku, wajen garin Axim da ke yammacin Ghana.

Makiyayi in ya isa sabon wurin kiwo, ƙasa yake fara dubawa. In ya ga gamba da ƙyasuwa da harƙiya a cakuɗe, ya san wurin na da rai. In kuwa garmani ne ya rufe ko'ina, sai ya kaɗa shanunsa ya yi gaba. To, haka masu bincike ke duba ciyawar teku a irin wannan gaɓa. Sukan jira ruwa ya ja baya, su miƙe igiya a kan duwatsu, su riƙa aza ɗan katako mai kusurwa huɗu taki-taki, suna rubuta kowace irin ciyawa da ke cikinsa da faɗin wurin da ta rufe. Gida uku ake kasa ta: koriya, ja, da mai ruwan ƙasa. A cikinta ƙananan kifaye da ƙaguwa ke fakewa, suna samun abinci.

Me ya sa ake wannan wahala? Tun 2011 wata baƙuwar ciyawa mai suna sargasum ta fara tuɗowa gaɓar Afirka ta Yamma. Ita ba ta kama dutse, yawo take a saman ruwa. A 2018 hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna ta miƙe tun daga yankinmu har mashigin tekun Meziko, nauyinta ya haura tan miliyan 20. Tana cika tarun masunta, tana tare wa ciyawar gida hasken rana, in ta ruɓe kuma sai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Wanda bai ƙirga shanunsa da safe ba, ai ba zai san wadda ta ɓata da yamma ba. Amfanin ƙirgar ke nan.

Ku fatake masu ɗauko bandar kifi zuwa arewa, in taru ya fito da ciyawa maimakon kifi, kun san inda farashi zai nufa. Ku kuma makiyaya, kada tulinta ya ruɗe ku a lokacin ƙarancin abincin dabba. Tana tara gishiri da wani sinadari mai guba, asenik. Kada a ba dabba ita sai masana sun auna ta.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. A sauka lafiya.