Kuɗin Lauya A Shari'ar Gado: Wa Zai Biya?

Wani tsohon magatakardan kotu ya yi wa ɗaliban ajin yaƙi da jahilci jawabi a Unguwar Kwarbai, cikin birnin Zariya. Jawabin nasa a kan kuɗin da ake cirewa daga dukiyar mamaci ne, musamman kuɗin lauya.

Ya ce kafin a raba gado, abu uku ake fara fitarwa. Na farko kuɗin jana'iza. Na biyu bashin da ake bin mamaci. Na uku wasiyya, wadda ba za ta wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Abin da ya rage shi ne na magada.

Ya tuna wa jama'a cewa a zamanin En'e, idan alƙali ya raba gado yakan cire ushira, wato kashi ɗaya cikin goma. A shekarar 1968 kotuna suka koma hannun gwamnatin jiha. A shekarar 2001 kuma aka kafa kotunan Shari'a a Jihar Kaduna. Ya ce duk kuɗin da mutum ya biya a kotu, to ya karɓi rasit.

Daga nan sai ya juya kan lauya. Ya ce wanda ya ɗauki lauya shi ne zai biya shi. Idan magaji ɗaya ya ɗauko lauya don ya kare rabonsa, to daga rabonsa zai biya. Sai idan duk magada sun yarda sun ɗauke shi tare, sannan a cire daga dukiyar gaba ɗaya.

Ya kawo misali. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya, ba shi da iyaye a raye. Bayan biyan bashi, dukiyar ta kai naira 4,000,000. Matar tana da tumuni, naira 500,000. 'Yar tana da naira 700,000. Kowane ɗa yana da naira 1,400,000. To, a ce babban ɗa ya ɗauko lauya shi kaɗai a kan naira 400,000, kuma aka cire kuɗin tun kafin rabo. Matar ta yi asarar naira 50,000, 'yar kuma naira 70,000, alhali ba su ɗauki kowa ba. Ya ce idan 'yar marainiya ce ƙarama, wannan cin dukiyar maraya ne.

Wata ɗaliba ta tambaya, idan lauya ya tsawwala kuɗi fa? Ya amsa da cewa dokar lauyoyi ta 1975 ta yi tanadi. Lauya ba zai kai mutum ƙara kan kuɗinsa ba sai ya ba shi takardar lissafi mai sa hannu, kuma wata ɗaya ya wuce. A cikin watan nan mutum yana iya roƙon Babbar Kotu ta duba lissafin. Ana duba lokacin da aikin ya ci, da wahalarsa, da darajar dukiyar, da abin da aka saba biya. Idan kuɗin ya yi yawa, kotu tana iya rage shi.

Ya ƙara da cewa wanda ya ci shari'a kada ya sa rai abokin shari'arsa zai biya masa lauya. Yawanci abin da kotu ke yankewa kuɗin ɗawainiya ne, kuma ba ya kai kuɗin lauya.

A ƙarshe ya shawarci magada su yi ciniki da lauya a rubuce tun farko, gaban shaidu. Kada kowa ya dangwala yatsa a takardar da bai karanta ba. Ya ce amfanin zuwa aji ke nan. Ya kuma ce sulhu a zaure ya fi arha, domin shari'ar da ta daɗe takan cinye gona da gida.