Dirkar Kabon Ko Ta Alminiyam: Wace Ta Fi?



Abin da za mu yi magana a kai yau wasa ne na ruwa, amma a cikinsa akwai darasi ga duk wanda wata rana za a ɗora masa nauyin zaɓen kaya da kuɗin jama'a.

Da farko sai mu san abin da ake nufi. Idan aka ɗaura fiffike a ƙarƙashin jirgin ruwa ko allon da 'yan wasa ke hawa, da zarar gudu ya kankama sai fiffiken ya ɗaga allon sama, ya rabu da ruwa. Dalili kuwa shi ne ruwa ya fi iska nauyi wajen sau 800, saboda haka ɗan ƙaramin fiffike ya isa ya ɗauki ƙato. Dabarar ba sabuwa ba ce. Enrico Forlanini ya gwada ta a tafkin Maggiore na Italiya a 1906, kuma a 1919 jirgin Alexander Graham Bell ya yi gudun kilomita 114 a sa'a a Kanada. A wasannin Olamfik na 2024, a gaɓar Marseille ta Faransa, aka fara shigar da tseren allo mai fiffike da iska ke ja cikin gasar.

To, abin da ya haɗa allon da fiffiken shi muka kira dirka. Tsawonta yakan kama daga santimita 60 zuwa mita ɗaya, kuma duk nauyin ɗan wasa a kanta yake. Da abu biyu aka fi yin ta: alminiyam, irin wanda ake yi mana tukwane da shi, da kuma zaren kabon da aka daskarar da gam.

Dirkar alminiyam tura ƙarfen ake yi ta cikin mazubi ya fito dogo, a yanka. Don haka take da araha, amma kaurinta ɗaya ne daga sama har ƙasa. Ta kabon kuwa shimfiɗa zaren ake yi falle-falle a gasa, sai maƙeri ya ƙara kauri a sama inda nauyi ya taru, ya sirantar da ƙasa don ta yanki ruwa. Wannan aiki shi ya sa kuɗinta yakan ninka na alminiyam.

Wajen nauyi kabon ya yi gaba. Idan aka auna gunduwa biyu masu girma ɗaya, ta alminiyam ta ba da giram 27, ta kabon wajen 16 za ta bayar. Amma abin da gwanaye suka fi kula da shi shi ne tauri. Dirkar da ke lanƙwasa ko murɗewa takan sa fiffike ya makara wajen bin umarnin ƙafa, kuma a cikin gudu wannan 'yar makara ita ce faɗuwa. Sai dai a lura, kabon suna ya tara: mai araha yana iya kasa alminiyam mai kyau tauri.

Saura ranar tsautsayi. Idan aka daki dutse, alminiyam lanƙwashewa yake yi, ido ya gani, a sayi wani. Kabon tsagewa yake yi, wani lokaci daga ciki, ba a sani ba sai ya karye. Shi ma alminiyam yana da nasa ciwon: a ruwan gishiri, inda ya haɗu da kusoshin da ba irin ƙarfensa ba, sai ya riƙa cinyewa har kusoshin su cije. Maganinsa a kwance, a wanke da ruwan daɗi, a shafa mai. Kuma idan ya tsufa ana narka shi da wajen kashi 5 cikin 100 na wutar da aka kashe wajen yin sabo, alhali kabon wuyar sake sarrafawa gare shi.

Mu dai ga inda muka tsaya. Mai koyo, wanda zai sha faɗuwa a ruwa maras zurfi, gajeriyar dirkar alminiyam ta ishe shi. Ɗan tsere, wanda daƙiƙa ɗaya ke raba shi da lambar girma, shi ya cancanci kabon. An ce araha ba ta ado, gaskiya ne, amma tsada ma ba ita ce dacewa ba. Daidai ruwa daidai tsaki.

'Yan'uwa, gobe waninmu zai zauna a ofis, a ajiye masa takardun 'yan kwangila biyu. Kafin ya tambayi wanne ya fi, ya fara tambaya: wa zai yi aiki da shi, a ina, kuma idan ya lalace wa zai gyara?