Bluto Yana Cikin Ajinmu

Shugaban reshe, iyayena malamai, 'yan'uwa abokan aiki.

Da yawanmu mun kalli katun ɗin Popeye a talabijin, yau kuma 'ya'yanmu a nan Babura suna kallonsa a waya. Abokin gabarsa Bluto, ƙaton nan mai gemu, ya fara bayyana a Amurka a 1932. Halinsa guda ne: ya nemi soyayyar Olive, budurwar Popeye, in ta ƙi ya sungume ta. Sai Popeye ya ci alayyahu, ya fi shi ƙarfi, ya lakaɗa masa duka.

Yaro yana dariya, amma ga abin da ya ɗauka: ƙarfi ke raba gardama, kuma ƙin yarinya ba abin saurare ba ne. Gobe lokacin tara, ɗan aji shida ya ƙwace kuɗin ƙaramin yaro, ko ya tare wa yarinya hanya.

Ƙaramin nan ba shi da gwangwanin alayyahu, mu ne gatansa. In kuwa bulala kaɗai ce amsarmu, darasin katun muka maimaita. Mu tsaya a fili lokacin tara, mu saurari mai ƙara, mu sa azzalumi ya mayar da abin da ya ƙwace, ya ba da haƙuri.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana.