Haƙƙinmu a Kan Titin Legas: Jawabin Sakatare a Taron Wata



An umurce ni in yi bayani a kan zirga-zirga a cikin Legas, saboda yawancin koke-koken da ke zuwa ofishinmu a kan titi suke faruwa: an kama yaro, an ƙwace babur, mota ta buge wani. Ni ba lauya ba ne. Da furfurata na koyi karatun boko a ajin yaƙi da jahilci, amma ɗan abin da na karanta zan faɗa muku shi dalla-dalla.

Da farko, zamanmu a nan ba alfarma ba ce. Sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin tafiya da zama a duk inda ya so a ƙasar nan. Sashe na 42 kuma ya hana a nuna wa mutum bambanci saboda ƙabilarsa ko addininsa ko garin da ya fito. Kuna tune da watan Agusta na 2019, lokacin da aka tare mutum 123 daga Jigawa a cikin babbar mota tare da babura 48. Da aka bincika ba a same su da laifi ba, aka sake su. To, shigowa Legas ba laifi ba ne. Amma 'yancin zama daban, izinin sana'a a kan titi daban. A nan ne yaranmu suke ruɗewa.

Ga yadda dokar acaɓa ta taho. A 2012 Gwamna Fashola ya sa hannu a dokar hanya da ta hana babur hawa tituna 475. A 2018 aka yi sabuwar dokar sufuri. Ranar 1 ga Yuni, 2022, gwamnatin Sanwo-Olu ta hana acaɓa gaba ɗaya a ƙananan hukumomi shida: Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland. Ranar 1 ga Satumba na shekarar aka ƙara huɗu: Kosofe, Oshodi-Isolo, Shomolu da Mushin. Ku lura, Mile 12 tana cikin Kosofe, Idi-Araba tana cikin Mushin, Obalende kuma tana cikin Eti-Osa. Ko a wuraren da ba a ambata ba, manyan tituna da gadoji haramun ne ga babur. Hukunci yana hawa kan direba da fasinja duka, babur ɗin da aka kama kuwa murƙushe shi ake yi.

Saboda haka, iyaye, in ɗanku ya bugo waya daga gida ya ce zai sayar da gona ko saniya ya sayi babur ya taho, ku faɗa masa gaskiya. A watannin baya wani yaro ya zo wurina yana hawaye. Sati uku ke nan da zuwansa, babur ɗin bashi ne, an kama shi a kan gada. Ya tara kuɗi ya ba wani da ya ce zai fito masa da shi, kuɗi da babur duk suka tafi. Ba abin da na iya yi masa sai haɗa masa kuɗin mota. Rigakafi ya fi magani.

Na biyu, in an kama mutum, har yanzu yana da haƙƙi. Sashe na 35 ya ce a gaya masa dalilin kamun, a kuma kai shi kotu cikin awa 24 in akwai kotu a kusa, ko awa 48 in babu. Yana da ikon yin shiru har sai ya ga lauya. Beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana a kama wa ko ƙane ko uba a madadin wanda ake nema. Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka ba, ka nemi tafinta. Wanda ba shi da kuɗin lauya, jihar Legas tana da ofishin lauyoyin talakawa da ake kira OPD, akwai kuma Hukumar Kare Haƙƙin Bil'adama ta Ƙasa. Abin da muke roƙo shi ne a sanar da mu a ranar, tare da sunan wuri da lokaci. Kada a yi gudu, kada a yi jifa. Dutse ɗaya da yaro ya jefa, unguwa gaba ɗaya ce ke biya.

Na uku, motoci da jiragen da gwamnati ta kawo namu ne mu ma, don da harajinmu aka yi su. Motar BRT ta fara aiki a watan Maris na 2008, daga Mile 12 zuwa CMS, a 2015 aka miƙa hanyar har Ikorodu, a 2020 aka buɗe ta Oshodi zuwa Abule Egba. Jirgin ƙasa na Blue Line ya fara ɗaukar fasinja a Satumban 2023, kilomita 13 daga Marina zuwa Mile 2. Na Red Line ya fara a Oktoban 2024, kilomita 27 daga Agbado zuwa Oyingbo, kuma yana tsayawa a Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin da Yaba. Da katin Cowry ake biya. Wasu dattawanmu suna jin nauyin shiga saboda ba su iya karanta allon tasha ba. Wannan ba abin kunya ba ne, ni ma na taɓa zama haka. A ajinmu na dare za mu ware darasi a kan sunayen tashoshi da yadda ake saka kuɗi a kati.

Na huɗu, masu tafiya a ƙasa. Mafi yawanmu da ƙafa muke neman abinci: 'yan dako, masu baro, masu ga-ruwa, masu gyaran takalmi, da yara 'yan makaranta. Tsallaka babban titi a inda akwai gadar ƙafa laifi ne, kuma ana kamawa. Ko ba a kama ka ba, titin Ikorodu ba wurin gwada gudu ba ne. Ku hau gada, ku koya wa yara hawa.

Mu ma muna da tamu maganar ga hukuma. An hana babur, to mai ciki da ke can cikin lungu me za ta hau da dare zuwa asibiti? Mai baro ɗauke da buhun albasa ta ina zai hau gadar matakala? Hukumar LAMATA ce ke tsara sufurin jihar, kuma in ba mu rubuta ba, za a tsara gari ba tare da mu ba. Shi ya sa nake ba da shawara a kafa kwamitin mutum biyar, har da mace da ɗan acaɓa, su zagaya su rubuta wuraren da ake buƙatar gada, fitila da ƙananan motocin shiga unguwa. Mu kai takarda ɗaya ga shugaban ƙaramar hukuma, ɗaya ga ɗan majalisarmu, mu riƙe kwafi mai hatimi. Kowa kuma ya riƙe katin zaɓensa na nan inda yake zaune, don mai kati ake saurara.

Rajistar sunaye tana wurina bayan addu'a. Allah ya tsare mana yaranmu, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu.